Minista na wucewa, manyan ofis na nan daram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da maganar baƙo da ɗan ƙasa ta taso a Ghana sai mu hau kan minista ko shugaban ƙasa da zagi, alhali minista shekara huɗu ne ya kama gabansa, wani ma ba ya kaiwa, amma cif darakta da sauran manyan ma'aikata suna nan daram, su ke rubuta takardar da minista zai sa wa hannu, su ne kuma ke koya wa yaran ofis irin kallon da za su yi wa mutum in ya shigo.

Watan jiya na raka ɗan yayata wani ofishin gwamnati nan Kumasi neman takarda. A unguwar Aboabo nan Kumasi aka haife shi, uwarsa ma haka, kakanmu kuwa haifaffen Salaga ne tun zamanin fataucin goro. Yarinyar da ke kan tebur ta duba fom ta ga Hausa a wurin ƙabila, sai ta ajiye biro, wai ina ne garinku. Ya ce Kumasi. Ta ce a'a, garin asali take nufi. Ta kwashi fayil ta shige ɗakin oga, muka yi ta ɗumama benci har la'asar, sannan ta fito ta ce a kawo takardun kaka. Ni wallahi ban ga laifinta ba, tsoro na gani a idonta. Ta san in ta sa hannu aka sami matsala ita za a ba kweri, in kuwa ta ƙi ba mai tambayarta dalili. Haka ta tarar ana yi, kuma daga sama abin ya gangaro.

To ina aka samo wannan? Kan zama ɗan ƙasa, kundin tsarin mulkin 1992 bai ambaci ƙabila ba, iyaye ko kakanni ya ce. Amma tsofaffinmu ba su manta Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, mutanen zango da yawa suka sayar da gida da shago a wulaƙance suka hau mota, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibi. Najeriya ma ta yi nata a 1983 zamanin Shagari, jakar Ghana mas go ita ce shaida. An bar korar amma zargin ya kwanta cikin fayil, sabon ma'aikaci yana gadonsa kamar yadda yake gadon kujera.

A takarda kam komai lafiya lau. ECOWAS tun 1979 ta ce ɗan yankin na iya shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza, Ghana kuma ta ƙaddamar da manufar ƙaura ta ƙasa a 2016, an yi taro a Ankara babban birnin Ghana an sha shayi an watse. Amma duk direban da ke bin hanyar Legas zai gaya maka sau nawa yake tsayawa, da abin da yake miƙawa ta taga.

Roƙona Malam Edita, ku tura wakilinku ya bar bin ayarin ministoci na kwana biyu ya je ya zauna da waɗannan daraktocin. Ya tambaye su wace takarda suka ba yaransu a rubuce kan tantance ɗan ƙasa, da kuma ko sun taɓa taka ƙafa unguwannin zango irin su Nima ko Asawase ba a lokacin zaɓe ba. Mu dai an ce mu dawo bayan mako biyu, yayata na can tana zazzage tsohon akwatin kaka ko za a dace da wani rasit mai sunansa.

Naku,
Wani mai karatu daga Aboabo, Kumasi