Kuregen Amurka da gafiyar Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan dabbobin da ke kutsowa filayen wasa. Sana'ata sayar da gyaɗa da rake a bakin wani fili a nan Agege, don haka abin ya shafe ni.

A watan Oktoban 2011, ana tsakiyar wasan besbol a birnin St. Louis na Amurka, tsakanin ƙungiyar garin, Cardinals, da Phillies, sai ga kurege ya ratsa da gudu ta gaban mai riƙe da kulki, daidai lokacin da Roy Oswalt, ɗan wasan Phillies, ya jefo ƙwallo. Oswalt ya yi ƙorafi a soke jifar, alƙalin wasa ya ce jifa ta jefu. Cardinals suka ci wasan, suka wuce har suka ɗauki kofin shekarar. Mutanen garin suka ce kuregen ne ya kawo sa'a, aka buga hotonsa a riguna, aka ma zana shi a zoben da aka ba 'yan wasan. A 1969 kuma baƙar mage ce ta gifta gaban 'yan ƙungiyar besbol ta Cubs a New York, har gobe ana cewa ita ta karya su. Ashe camfi ba a kanmu ya ƙare ba.

Ni dai na san abin da ya kawo kuregen. Masu kallon besbol gyaɗa suke ci, su watsar da ɓawon a ƙarƙashin kujeru. A San Francisco tsuntsayen teku sun san lokacin tashi, wasa na dab da ƙarewa sai su cika sama suna jiran ragowar abinci. Kurege ko a tatsuniya ba ya zuwa inda babu riba.

Mu a nan ba kurege ne baƙonmu ba. Gafiya ce, da ɓeraye, da jaba, wani lokacin maciji ya biyo sawunsu. Da zarar wani abu ya ɓullo sai samari su bar ƙwallo su ɗauki duwatsu, wani ya ce turo shi aka yi. Ranar nan mujiya suka jefe har lahira, wai mayya ce, alhali ita ke cinye mana ɓerayen da dare. Ɓera kuwa ba abin wasa ba ne, wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashi, mu kuma abin ci muke sayarwa.

Dabbobin su tafi ina? An cike fadamun Lekki, a nan Legas, da yashi an yi gidaje, birai sun takure a gandun da aka keɓe musu tun 1990. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Roƙona ga masu kula da filayen unguwanni, a ajiye duro mai murfi, a kwashe shara a daren da aka yi wasa, kada ta kwana uku. A kuma bar sauran bishiyoyin da ke gefen fili. Mu masu talla mun yarda kowa ya share gabansa kafin ya tashi, tukar rake da ɓawon gyaɗa duka, in dai za a sama mana inda za mu zuba.

Naka,
Mai gyaɗa da rake,
Agege, Legas.