Littafin Fasin Ɗina: Wasiƙa daga Kano

Aminina Sadisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan hunturu ya kankama.

Ka tuna musun da muka tafka a gidan kallo ranar da Maroko ta fitar da Sifaniya a kofin duniya na 2022? Ka dage Sifaniya ta fi iya ƙwallo tunda ta yi fasin sama da 1,000, na ce maka duk da haka an tashi babu ci, kuma fenareti ya kora ta gida. Musun nan ya bi ni har filin yaran da nake horarwa a Gwale.

Wata uku ke nan ƙanena yana hawa katanga yana ɗaukar wasanninmu da waya. Da daddare sai in zana fili a littafi, in ɗiga ɗigo goma sha ɗaya, duk fasin da aka yi in ja layi daga mai bayarwa zuwa mai karɓa, sannan in zuba alƙaluman a kwamfuta. A Turai kamfanoni irin su Opta ke wannan aiki, amma ai da fensir wani Bature mai suna Charles Reep ya fara shi a Ingila a 1950.

Layukan da suka fi kauri duk tsakanin 'yan baya biyu da gola suke. Ashe muna riƙe ƙwallo ne a inda ba ta cutar da kowa. Sai na sauya lissafi: kowane fasin, abokan karawa nawa ya tsallake?

A nan ne jikina ya yi sanyi. Lamba shida ɗinmu, wato ɗan tsakiyar da ke gaban 'yan baya, yaro ne shiru-shiru, ba ya yanka, 'yan kallo ba sa yi masa ihu, har sau biyu na ajiye shi a benci. Fasin ɗinsa kaɗan ne, amma in ya ɗaga kai ya saki ƙwallo, sai ta ratsa mutum uku ko huɗu. Wallahi na shiga haƙƙin yaron nan, kuma na faɗa masa haka a gaban 'yan'uwansa. Yanzu duk wanda ya karɓi ƙwallo a baya, shi yake fara nema.

In ka zo sallah, mu je filin Sani Abacha kallon Pillars. Ka taho da biro, kai ka ƙirga ɓangare ɗaya, ni ɗaya. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Kabiru