Wasiƙar godiya ga garejin da ya gano abin da ke girgiza motata

Assalamu alaikum.

Zuwa ga maigidan gareji da yaransa baki ɗaya,

Na rubuto wannan takarda a fili, inda kowa zai gani, domin godiyar da na yi muku da baki ranar da na karɓi mota ba ta gamsar da ni ba. Ina kuma so masu motocin shiga daji irina su ji yadda kuka yi aikin.

Motata mai jan ƙafa huɗu ce, kuma aikina yakan kai ni inda babu kwalta. A tafiyar da ta jawo wannan magana, kwana uku muka yi muna fama da duwatsu da kwazazzabai da laka, muka tsallake rafi sau biyu, ruwa har tsakiyar taya. A can ban ji komai ba, don a irin wannan hanya komai na jikin mota rawa yake yi. Sai da na hau kwalta abin ya bayyana. Da allura ta kai kilomita 80 a awa sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna. In na taka totur kuma sai in ji wani ɗiri yana tasowa ta ƙarƙashin kujera. Ga wata ƙara "ƙwas" a gaba ta hagu duk sanda na faɗa gargada.

Na iso wurinku da hukuncina a baki, na ce shokazoba ne, a canza duka huɗun. Maigida, ba zan manta da amsarka ba. Ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri, kada mu sayi komai tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba ni labarin tafiyar." Ka tambaye ni a wane gudu rawar take farawa, a hannu nake jin ta ko a mazauni, tana ƙaruwa in na taka birki ko a'a. Ka tambaya ko na rage iskar taya saboda yashi na manta ban mayar ba, da ko na cire giyar ƙafa huɗu kafin in hau kwalta, domin irin motata ba ta son a bar ta a ciki a kan busasshen titi.

Daga nan ka karɓi makulli muka fita tare. Da muka kai 90 sai ka sa ta a firi ka bar ta tana gangarawa. Ɗirin ƙarƙashin kujera ya ɗauke nan take, amma sitiyari bai daina karkarwa ba. Ka ɗan taɓa birki, babu abin da ya sauya, ka ce to faifan birki ya fita daga zargi. Ka juyo ka ce mini, "Cuta biyu ce, Alhaji, ba ɗaya ba. Ta hannu daga tayoyin gaba take, ta kujera kuma daga farfela, sandar ƙarfen nan ta ƙarƙashin mota mai kai juyi daga giya zuwa tayoyi. Ƙarar nan ta gargada mai yiwuwa ta uku ce." Wannan 'yar tafiya ta minti goma ita ce ta fi burge ni a duk aikin, domin ko sifana ba a ɗauka ba tukuna amma an riga an san inda za a duba.

Da aka cire tayoyin gaba sai ga laka ta bushe ta daskare a cikin rim, ta taru a gefe ɗaya, wurin da mai wanki ba ya kaiwa. A ta hagu kuma darmar balansin, wato 'yar darmar da ake maƙalawa a rim don daidaita nauyin taya, ta fita, sai tabon inda take. Ka bayyana mini cewa taya mai girman tawa tana juyawa wajen sau 10 a daƙiƙa ɗaya in ana gudun kilomita 90, kuma darmar da ake daidaita ta da ita da giram ake auna ta, to ina ga dunƙulen laka cike da hannu. Kuka kankare, kuka juya kowane rim a gani ko dutse ya lanƙwasa shi, kuka shafa gefen tayoyi kuna neman ƙulu. Lafiya lau suke, balansin kawai aka sake.

Abin da ya tsorata ni yana gaba. Mota tana kan jak, ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga, ka ce da boris ne ko bol-joyin a nan za a ji, amma shiru. Ka kama ta hagu da dama, sai ga motsi. Ka kira ni na durƙusa, ka ɗora hannuna a kan tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, yaronka yana jijjigawa, na ji yana wasa a tafin hannuna. Robar da ke rufe shi ta yage, yashi ya shiga ya cinye cikinsa. Ka ce in ya rabu a kan gudu, tayar ba za ta ƙara bin umarnin sitiyari ba. A motar nan nake ɗaukar iyalina. Da kun bi maganata kun sa sababbin shokazoba, da na tafi ina murna da wannan abu a ƙarƙashina.

A farfela ma zancenka ya tabbata. Kuros na baya, wato gaɓar da ke ƙarshen farfela, ya bushe, ga jan gari kamar tsatsa ya fito a bakinsa, alamar ruwan rafi ya wanke giris. Farfela tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, shi ya sa rawarta ta fi ta taya sauri, take zuwa kamar ɗiri. Na lura kun yi mata alama da alli kafin ku kwance, don ta koma daidai yadda ta fito.

Shokazoban da na zo in zubar kuwa, ka taɓa su ɗaya bayan ɗaya da muka dawo daga gwaji, dukkansu da ɗumi, alamar suna aiki, kuma babu wanda mai ya zubo masa. Bushin ɗaya ne ya tsage, shi kaɗai kuka canza, kuma ba ku ƙarasa ɗaure shi ba sai da mota ta sauka ta zauna a kan nauyinta, don kada robar ta murɗe. Alaimen, wato saita tayoyi su miƙe daidai, shi kuka bari ƙarshe bayan an sa sabon tayarod. Mota ta kwana a wurinku ana jiran kaya, kuka kira ni kuka sanar da ni tun kafin in tambaya. Tsofaffin kayan kuma kuka haɗa mini su a buhu.

Ina miƙa godiya ta musamman ga ƙaramin yaron nan da ya zauna a ƙasa yana kankare laka ba gajiya, da wanda ya tsaya a kan na'urar balansin har ta nuna sifili. Maigida, an ga tarbiyyarka a hannunsu.

Na dawo bayan kilomita 100 kamar yadda ka ce, aka sake duba notunan taya. Tun daga ranar sitiyari bai sake motsi a hannuna ba. Yanzu duk na fito daga daji sai na sa an wanke cikin rim, in kuma na shiga ruwa sai an ba farfela giris. Wata mai zuwa ina da wata tafiyar, zan kawo muku ita ku duba kafin in tashi, in Allah ya yarda.

Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a sana'arku, ya tsare hannuwanku.

Naku mai godiya,
Mai motar da ta zo da laka a cikin rim