Zuwa ga kamfanin da ke kula da gidan da muke haya: fenti ba ya maganin fumfuna

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Manaja.

Na kawo maganar nan fili ne don na gaji da zirga-zirga ofishinku ana ce min oga ya fita, na kira waya ba adadi, na tura hotuna ta WhatsApp an buɗe an gani an yi shiru. Ni ce mai haya a ɓangaren ƙasa na gidanku da ke Kaduna, wadda ta biya kuɗin shekara cif har da kuɗin sabis ɗin nan da kuka ce na gyare-gyare ne.

Da rani muka tare, bango fes, sabon fenti sai ƙamshi yake. Damina na kankama muka fara jin wani wari a ɗakin yara, irin na wankin da aka manta a bokiti ya kwana biyu. Ranar da na ja wadirob don in share bayansa wallahi sai da gabana ya faɗi, baƙar fumfuna ta cinye bangon tun daga ƙasa har kusan ƙuguna, filasta ta kumbura tana zubowa kamar gari, takalman sallar yara da jakar fatar maigidana duk sun yi kore-kore, gefen katifar da ke jingine da bango ya yi ɗigo-ɗigo baƙi. A kan katifar nan ɗana mai shekara shida yake kwana, kuma yana da asma. Tun Agusta ba mu yi sati guda cikakke bai tashi cikin dare yana tari ƙirjinsa na fito ba, ni da shi a zaune har asuba.

Da kyar da siɗin goshi kuka turo mai fenti. Yaro ne mai ladabi, ban ga laifinsa ba, abin da aka aiko shi ya yi. Amma ya zo ba takunkumi, ba safar hannu, ya kama kankare bangon a bushe da burushin ƙarfe ƙura na tashi fanka na juyawa tana raba ta ko'ina, alhali ƙurar nan ita ce irin fumfunar, duk inda ta sauka ta samu danshi sai ta tsiro. Sannan ya ɗauko bilic zai juye shi bokiti ɗaya da ruwan wanke masai mai asid wai don ya fi ƙarfi, da gudu na riƙe hannunsa. Haɗin nan iskar kulorin yake fitarwa, mai ƙona ido da huhu, a ɗaki mai taga guda kuwa sai ta kai mutum asibiti. Haka in aka haɗa bilic da binega ko amoniya, guba ce. Dan Allah ta yaya kamfani zai tura ma'aikaci gidan mutane bai faɗa masa wannan ba? Ƙarshe ya shafe jiƙaƙƙen bangon da fenti hannu biyu ya tafi. Sati uku ba a yi ba fentin ya ɓamɓaro, fumfuna ta dawo har ta fi da.

Dole ta dawo mana, tunda ba a taɓa abin da ke ciyar da ita ba. Fumfuna ruwa take bi, abu in ya jiƙe bai bushe ba cikin awa 24 zuwa 48 ta fara kama shi ke nan. Da kuɗina na kira birkila ya duba, ya nuna min indararon da ya karye yana kwarara ruwa jikin bangon ta waje, ga bututun banɗakin sama yana yoyo cikin silin, ga ruwa na kwanciya a gindin ginin don ba a yi masa hanya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009 ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, ta danganta su da tari da tashin asma, don haka kar wani ya sake ce min wai datti ne kawai in sa omo. Hukumar kare muhalli ta Amurka ma shawararta in wurin ya wuce kamar murabba'in mita 1 a nemi ƙwararre, namu kuwa ya ninka haka.

Namu ɓangaren muna yi. Kullum taga a buɗe in ba ruwa ake ba, na daina shanya a ɗaki ko da hadari ya haɗo, na janye kaya daga jikin bango iska na ratsawa, katifar kuma na yar da ita ina ji ina gani don soso in fumfuna ta shige shi ba ya wankuwa. Yara yanzu a falo suke kwana.

Abin da nake nema ranka ya daɗe, a fara gyara indararo da bututun da magudanar ruwa. A cire allon silin ɗin da ya ruɓe a sa sabo, kar a shafe shi da fenti. Mai aikin ya zo da takunkumin N95 mai tace ƙura da safar roba da tabarau, mu fitar da yara, a buɗe taga a kashe fanka, a jiƙa wurin a wanke da ruwa da sabulu, in za a sa bilic kar ya wuce kofi 1 a ruwa kamar lita 4 kuma shi kaɗai. A bar bangon ya bushe ƙarau kafin filasta da fenti, ko da zai ɗauki makonni, mun yarda mu jira. Kuɗin katifa da na birkila da na asibiti rasit ɗinsu na hannuna, zan kawo ofis ranar Litinin da safe, ina roƙon in same ka da kanka.

Maƙwabciyata ta sama ma ta ce in faɗa muku nata silin ɗin ya fara baƙi ta kusurwa.

Wassalam,
Mai haya a ɓangaren ƙasa.