Wasiƙa Zuwa ga 'Yata a kan Darasin Siffanta Al'amura da Lissafi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ya ke 'yata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, saƙonki ya iso ni, inda kike kukan cewa darasin nan na siffanta al'amura da lissafi, wato amfani da lissafi wajen kwatanta yadda abubuwa suke gudana a zahiri, ya rikita ki, domin kin saba da tambaya mai amsa ɗaya, shi kuwa malaminku yakan karɓi amsoshi mabambanta muddin kowa ya kare hujjarsa. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kike kuka da shi, shi ne ainihin abin da ake so ki koya.

Ki tuna abin da mahaifiyarki take yi bayan kaka. Takan auna hatsin rumbu, ta ƙaddara cewa tiya biyu muke ci a rana, ta raba, ta ce zai kai mu wata kaza. Rabawar ba ta taɓa yi mata gardama ba. Abin da yake rushe lissafin shi ne baƙin da suka sauka da azumi, da ƙwarin da suka shiga rumbu. Saboda haka duk lokacin da kika rubuta "mu ƙaddara cewa", ki tsaya ki tambayi kanki me kika ajiye a gefe, kuma ko ajiye shi zai yi ɓarna.

Za a karantar da ku Malthus, masanin tattalin arziki ɗan Ingila, wanda ya nuna a 1798 cewa jama'a kan ninka idan babu abin da ya tare su, da Verhulst na Beljiyam, wanda a lissafinsa ya sanya wa ƙaruwar jama'a iyaka a 1838. Amma wanda nake so ki fi maida hankali a kansa shi ne Ronald Ross, likitan da ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro a Indiya a 1897. Da lissafi ya nuna cewa ba sai an kashe kowane sauro ba. Idan yawansu ya sauka ƙasa da wani mizani, cutar za ta ja da baya da kanta. Ni da na yi shekaru ina karɓar yara masu zazzaɓi a asibitin karkara duk damina, na san nauyin wannan magana. Bayansa, a 1927, masana biyu, Kermack da McKendrick, suka kasa jama'a gida uku a lissafin yaɗuwar cuta: masu iya kamuwa, da waɗanda suka kamu, da waɗanda suka warke ko suka rasu. Tsarin ya ƙaddara cewa kowa yana cuɗanya da kowa daidai wa daida, alhali kin san yadda ranar kasuwa take tara mutanen ƙauye goma a wuri guda.

Ina roƙonki da Allah, kada ki taɓa gyara alƙaluman da kika tattara domin su dace da tsarin lissafinki, ko da maki zai ragu, domin wata rana da irin wannan lissafin za a raba magani. Ki fara warware ƙaramin misali da hannu kafin ki miƙa wa kwamfuta.

Idan kin zo hutu ki taho da aikinki, mu gwada shi a kan rumbun bana. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam,
Mahaifinki