Rahoton kwamitin gyaran fili da shimfiɗa hanyar tattaki

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamanmu da sauran jama'ar unguwa, kwamitin da kuka ɗora wa alhakin gyaran tsohon filin da ke bayan makarantar firamare yana sanar da ku cewa aiki ya kammala, kuma makullin ƙofa yana hannun mai unguwa. Ga bayanin abin da aka yi da kuɗinku.

Kowa ya san yadda wurin yake a da: juji a kusurwar gabas, kududdufi a tsakiya duk damina, sauro kuwa ba a magana. An fara da kwashe shara, matasa suka yi gayya, tifa ta yi ta jigila. Daga nan aka shiga aikin da ya fi cin kuɗi, wato magudanar ruwa. An haƙa lambatu a gefen kudu inda filin ya gangara, aka ɗaure shi da bulo da siminti, aka sa kwalbati a bakin ƙofa. Wasu sun yi ƙorafin cewa kuɗi masu yawa sun tafi a abin da ido ba ya gani. Amsarmu ita ce, ba don lambatun ba, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya tafi da hanyar gaba ɗaya.

Hanyar ta zagaye filin, tsawonta mita 500, faɗinta ya ishi mutum biyu su jera suna hira, na uku ya wuce ba tare da ya ce a ba shi hanya ba. An yi muhawara a kan ko a sa intalok, daga ƙarshe aka tsaya a kan jar ƙasa mai tsakuwa wadda aka jiƙa, rola ta danne ta. Ta fi araha, ba ta ɗaukar zafi kamar siminti, kuma idan wani wuri ya zaizaye, baro biyu na ƙasa da lebura ɗaya sun gyara shi. An sa fitilun sola, an dasa darbejiya, an gina bencin siminti a inuwa, an ƙara wa katangar gefen titi tsawo saboda iyayenmu mata.

Abin da ya bambanta wannan hanya da kowane lungu da mutum zai iya takawa shi ne an auna ta. Kowace mita 100 akwai turke mai fenti da lamba a jiki. Babban mutum yakan yi taku 650 zuwa 750 a zagaye ɗaya, gwargwadon tsawon ƙafarsa. Tafiya mai ɗan sauri, irin wadda mutum zai iya magana amma numfashinsa ya ɗaga, takan kai taku 100 a minti ɗaya. Ke nan taku 3,000 rabin awa ne, zagaye huɗu da ɗan ɗoriya. Wanda ya yi haka kwana biyar a mako ya cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne mafi ƙarancin motsa jikin da babba ke bukata. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba su cika wannan ba. Mu ma nan Kano muna da namu: ɗan kasuwar da ke wuni a kan kujera a Kantin Kwari, direban adaidaita sahu, ɗan fanshon da tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa masallaci.

Saboda su ne kwamiti ya sayi na'urorin ƙirga taku da ragowar kuɗin fenti, ƙanana masu maƙalawa a ƙugu, ana bayar da su aro. Ba da ka muka yi ba. Wani nazari da masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar a 2007, wanda ya tattara bincike 26, ya nuna masu ɗaura na'urar sun ƙara sama da taku 2,000 a rana, lambar sama ta awon hawan jininsu ta sauka da kusan huɗu, kuma waɗanda aka yanka wa adadin da za su cimma su ne suka fi ƙaruwa. A Landan an gwada shirin ɗaura na'urar na mako 12 a kan mutane sama da 1,000 masu shekara 45 zuwa 75, aka tarar bayan shekara uku har yanzu suna gaban waɗanda ba a ba na'urar ba da kimanin taku 600 a rana. Ƙarin ba wani mai yawa ba ne, amma ya ɗore.

Muna roƙon kada kowa ya ɗaga hankalinsa da zancen taku 10,000 da ake yawan ji. Wannan adadi daga tallan wata na'ura ya samo asali a Japan a 1965. Binciken da aka fitar a Amurka a 2019 a kan tsofaffin mata fiye da 16,000 ya gano cewa masu taku 4,400 a rana an samu ƙarancin mace-mace a cikinsu sosai idan aka kwatanta da masu 2,700, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500. Don haka tsarin da ma'aikaciyar jinyar da ke cikin kwamitin ta shimfiɗa shi ne: makon farko mutum ya ɗaura na'urar ya yi harkarsa yadda ya saba, ya rubuta lambar kowane dare a katin da aka ba shi. Daga wannan lambar tasa zai fara ƙari, zagaye ɗaya, bayan mako biyu ya ƙara wani. Mai ciwon zuciya, ko wanda hawan jininsa ko sugansa bai daidaita ba, ya ga likita tukuna.

Na'urar tana da halinta. Idan aka maƙala ta a bakin zani ta karkace, sai ta riƙa tsallake taku, gara a ɗaura ɗan siririn ɗamara a sa ta a miƙe. Tafiyar dattijo mai jan ƙafa ma ba ta kama ta duka. A cikin adaidaita sahu kuwa, a hanya mai gargada, lada take rubuta wa mutum ba tare da ya taka ko ɗaya ba. Mai shakka ya gwada tasa tsakanin turke da turke: mita 100 ba ta wuce taku 130 zuwa 150. Masu babbar waya ba sa bukatar aro, manhajar ƙirga taku ta wadatar, muddin wayar tana aljihu ba a wurin caji ba.

Lokutan shiga filin kuwa, maza suna da bayan sallar asuba da bayan isha'i, mata kuma daga hantsi zuwa azahar da bayan la'asar, ƙofa a rufe, mace ce mai gadi a lokacin. An hana shiga da babur da koyon mota. Abin da ya rage shi ne banɗaki da famfo, kuɗinsu bai samu ba. Takardun shige da fice na kuɗi, har da rasiɗan siminti da hayar rola, suna wurin ma'aji, an kuma liƙa kwafinsu a allon masallaci. Ana bukatar gidaje huɗu da za su ɗauki ban ruwan darbejiyar har zuwa faɗuwar damina. Masu niyya su ba sakatare sunansu bayan sallar Juma'a.