Babana, kafin ka kai gwanjonmu intanet

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mahaifiyarka ta gaya mini ka gama magana da yaron da zai buɗe maka shafi, kana so ka daina tara jama'a a filinmu na Agege ranar Asabar. Ban hana ka ba. Hukumar kwastan da kanta tun 2017 take gwanjon motoci ta intanet, balle mu. Na rubuto ne don in mun zauna kai waya kake dannawa, ni kuma tari ke katse mini magana.

Kakanka, mai sunanka, goro ne ya kawo shi Ikko. Jirgin ƙasa ya ɗauko shi daga Kano ya sauke shi Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango. Goro bai karɓe shi ba, sai ya koma yi wa wani mai gwanjo dako, yana kaɗa masa ƙararrawa. Wajen 1960 Turawa na ta tattara komatsansu daga Ikoyi, abin da ba zai shiga jirgin ruwa ba kuwa gwanjo ake kai shi: gado, firji, rediyo, har tukwanen furanni. A nan bakinsa ya kama Yarbanci, idonsa ya koyi karanta taro. Ya sha gaya mini mai yawan surutu ɗan kallo ne, mai saye yana can baya ya harɗe hannu.

Littafinsa mai baƙin bango yana cikin akwatin ƙarfe. Buɗe shafin Janairun 1973, lokacin da aka bar fam aka koma naira, fam ɗaya naira biyu. Za ka ga kowane ciniki ya rubuta shi sau biyu da ajami, fam a dama, naira a hagu, don kada mai kaya ya ce an rage masa sisi.

Ni ƙararrawa ta zo hannuna sa'ad da gwamnati ta koma Abuja a Disambar 1991. Tebura, keken rubutu, tsofaffin Peugeot 504, kaya sai wanda ya gani. Kuɗi suka shigo, kaina ya kumbura. Wata Asabar muna da janareta, sai na sa abokina ya shiga taro yana ƙara tayi alhali ko kuɗin mota ba ya da shi. Wani mai gidan burodi ya yi ta binsa har na sallama masa. Kakanka na kan benci da carbinsa, bai ce uffan ba. Sai bayan la'asar ya kira ni ya ce, "Wancan mai jar hular, da me zai biya?" Na rasa bakin magana. Ya sa na ƙirga rarar, na hau molue, babbar bas ɗin nan ta Ikko, na bi mutumin har Mushin na mayar masa. Na fi shekara talatin a lokacin, da ɗa a gida, kai ke nan.

Gwanjo halal ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya sayar da shimfiɗa da ƙoƙo, wani ya taya dirhami ɗaya, ya ce wa zai ƙara, wani ya ba da biyu. Abin da ya hana shi ne najashi, wato abin nan da na yi. A fili sai ka nemo mai jar hula. A intanet kuwa suna na bogi kawai za ka buɗe daga kan gadonka, kuma babu tsoho a benci. Wannan ne ke hana ni barci.

Hoto ma haka. In mota ta taɓa haɗari, ɗauki wurin da aka yi wa gyara, ka rubuta. La'adarka ka faɗe ta tun kafin a sauke kaya. Kayan magada kuwa, musamman in da marayu, kada kuɗinsu ya kwana hannunka da sunan juyawa. Wanda bashi ya sa aka kawo kujerun ɗakinsa, kada sunansa ya fita a shafinka.

Lasisinmu ya kusa ƙarewa, ka je ka sabunta. Ranar Asabar ka biyo ka karɓi mabuɗin akwatin, ka taho mini da maganin tari. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Mahaifinka.